Man da Na Rufe da Toka

Daga Gwandu, zuwa ga yayan su Balki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa da ɗanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka zaune lafiya a cikin mota, Ya kai ka Fatakwal lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya, da na ƙarfe, da na mutum. Na sa ta ƙarƙashin ƙullin yaji da kilishin da na ɗaure maka, na kuma ce wa Balki ta gaya maka kada ka buɗe sai kun wuce Kalgo. In ka wuce Kalgo ba za ka ce direba ya sauke ka ka dawo ka tsaya a gabana ba, ni kuwa ba zan iya haɗa ido da kai a kan wannan magana ba.

Ka san yadda muke ni da kai. Kai ne na fari, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama na yi hira da kai irin wadda nake yi da ƙannenka ba. In ina son ka ci abinci sai in gaya wa bango cewa an sauke tuwo. Na koyar da 'ya'yan mutane a firamare har na yi ritaya, bakina bai taɓa mutuwa a aji ba, amma a gabanka sai in zama bebiya, mata kuma su yi ta yaba mini wai na iya kunyar ɗan fari. To yau alƙalami zai yi rashin kunyar da bakina ya kasa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekaranjiya ina tsintar shinkafa a bakin madafi, kai kana kan tabarma da baffanka Garba kana yi masa bayanin aikin da aka kira ka. Kun ɗauka ba na ji, ni kuwa ko tsakuwa ɗaya ban tsince ba don sauraro. Ka ce jirgi mai saukar ungulu yana da inji, yana da babbar farfela a samansa, a tsakaninsu kuma akwai akwatin giya, wanda makanikai ke ce wa giyabos, inda haƙoran ƙarfe ke cizon juna. Ka ce mai ne ke bi ta wasu 'yan bututu yana jiƙa haƙoran, in man ya tsiyaye ƙarfe ya yi zafi ya cije, farfela ta tsaya, a sama kuma babu gefen titi da za a faka. Ka ce waɗanda suka ƙera irin jiragen da kuke gyarawa sun gano wani ɗan bututu da abin da ke riƙe 'yar matatar man akwatin suna tsagewa, hukuma ta ba da umarni kowa ya canza su kafin wa'adi, kuma ba shawara ba ce, dole ce. Jirgin da wa'adinsa ya cika ba a canza masa ba, ƙasa zai zauna. Ka ƙara da cewa yanzu da ka samu lasisi, hannunka yana cikin hannuwan da ake sawa kafin a ce jirgi ya tashi. Baffanka ya yi ta jinjina kai yana cewa gidanmu ya yi injiniya, ni ma sai da na ji kaina ya kumbura a bakin madafi.

Sai wayarka ta yi ƙara. Alhaji Ummaru ne, aminin mahaifinka, wanda ya ɗauke ka bayan rasuwarsa ya sa ka makaranta, shi ne kuma yanzu shugabanku a wurin gyaran. Ka sa wayar a fili don baffanka ya gaisa da shi, shi ya sa na ji komai. Ya ce ka taho da wuri, kayan da za a canza ba su iso daga waje ba, wa'adin wasu jiragen ya zo wuya, masu kwangilar kai ma'aikata cikin teku kuma sun hana shi barci. Ya ce za ku lallaɓa, in mai ya ɗiga ku riƙa gogewa kuna sa ido, a ci gaba da tashi kafin kayan su sauka. Kai kuwa ka miƙe tsaye don girmama muryar da ke cikin waya, ka sunkuyar da kai, ba abin da ya fito daga bakinka sai "To, Baba." Da baffanka ya tambaye ka ko hakan ba komai, ka ce ai Baba Ummaru ya san abin da yake yi.

Wannan kalma ta "gogewa" da wannan "To, Baba" su suka hana ni sukuni. Tsorona ɗaya ne, kuma zan faɗa maka shi tun yanzu: za a miƙo maka alƙalami ka sa hannu jirgi ya tashi da abin da aka ce dole a cire, babba zai miƙo maka, kai kuma ba ka iya ce wa babba a'a ba. Ni na hana ka iyawa. Don haka bari in gaya maka abin da irin wannan ladabi ya jawo a gidan nan.

Kun taso kuna jin cewa mahaifinku ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kalgo, kwanansa ya ƙare. Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Yana da a-kori-kura da yake lodin albasa da mutane zuwa kasuwanni, kullum yana ajiye ta a farfajiya ƙarƙashin darbejiyar nan da aka sare bara. In ya tafi masallaci da asuba yakan zauna karatu sai rana ta fito, ni kuma a lokacin nake shara kafin in shirya ku in tafi makaranta. Wata safiya na sa tsintsiya ƙarƙashin motar, sai na ga ƙasa ta yi baƙi a wuri ɗaya, ɗan tabo kamar girman goro, da wari mai kauri. Na ɗebo toka a murhu na barbaɗa, na share, wuri ya koma fes. Washegari na sake gani, na sake rufewa. Haka na yi ta yi har kakar albasa ta kankama, tabon yana faɗi, ni ina ƙara toka.

Kada ka ce ban san mai ba ne. Na sani sarai, ni da na yi karatu har ina koyar da wasu. Amma kakarku Goggo ta sha gaya mini cewa ƙazantar tsakar gida tonon asirin matar gida ce, kuma manoman albasa suna shigowa farfajiyar nan su yi ciniki. Na ce a raina in suka ga mai a ƙasa za su ce motar Malam ta tsufa, su kai kayansu wurin wani. Na ɗauka rufin asiri nake yi wa mijina. Na kuma ce ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mutumin da ke kwana da tashi da mota ba ni zan gaya masa tana zubar da mai ba. Ina ruwan mace da cikin mota?

Sau ɗaya na kusa faɗa. Na kawo masa fura ana gobe zai yi lodin Kalgo, Goggo tana zaune a gefe tana jan carbi. Na ajiye ƙwarya na tambaye shi ko motar nan lafiyarta ƙalau. Ya ɗago ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Lahiya lau. Mi kig gani?" Na dubi Goggo, na ga ta tsayar da carbi. Ka san a wurinmu ba a ambaton lalacewar mota ana gobe tafiya, sai a ce mugun baki ne, balle a bakin matar ɗa a gaban uwar miji. Na ce, "Ba komai," na ɗauki faifaina na koma ɗaki. Shi ya buɗe mini ƙofa da bakinsa, ni na ja ta na rufe.

Washegari sun kusa shiga Kalgo, mota cike da buhuna da mutane a kai, giya ta cije tana cikin gudu. Tayoyin baya suka ƙame, motar ta yi kan gefe ta kife. Mahaifinku bai kai asibiti ba. Wani manomi daga Dalijan mai suna Mamman, wanda ya hau bayan buhunansa, shi ma nan take. Sauran aka kwashe su da karaya.

Ina cikin takaba Ɗanjuma makanike, wanda ke duba masa motar, ya zo gaisuwa. Suna zaune da baffanninka a zaure, ni ina bayan zana. Na ji yana cewa abin ya ɗaure masa kai, don da ya kwance giyabos ɗin ya tarar da shi a bushe ƙamas. Ya ce man inji ana auna shi da sanda, amma na giya a irin wannan mota ba a ganinsa sai an kwanta an kwance, shi ya sa direbobi ke dubin ƙasa. Sai ya faɗi maganar da har yau nake jinta da muryarsa:

"Kuma Malam mutum na mai kula. Kullum da sahe in ya dawo masallaci sai ya duƙa ya dubi ƙasa ƙarƙashin mota. Ko kwanan nan sai da yac ce min, Ɗanjuma, wagga mota ba ta ɗiga ko kaɗan, ƙasanta tsab take."

Ka ji. Ashe kullum ina shiga ɗaki in shirya ku, shi yana dawowa ya duƙa ya duba wurin da na gama sharewa. Motar tana gaya masa ciwonta kowace safiya, ni ina riga shi tashi ina toshe mata baki da toka. Bai yi sakaci ba, ya duba, abin da na bar masa ya gani. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, ko Goggo har ta koma ga Allah, ko baffanninka, ko ƙannenka. Kai ne na farko, kuma ban san da wane ido za ka dube ni bayan yau ba.

Don haka ka ji ni da kyau. Rufin asiri na mutum ne, ba na ƙarfe ba. In ka ga mai a inda bai kamata ba, kada tsumma ya riga idon mai alhaki isa wurin. Ka bar shi yadda yake, ka kira wanda ya kamata ya gani, ka nuna masa da yatsa. Kada ka taɓa cewa ai ya sani. Wataƙila ya sani, wataƙila kuma kai kaɗai ka gani a duk duniya, ba za ka bambance ba sai ka buɗe baki. In kuma aka tambaye ka me ka gani, to ka faɗi abin da ka gani, ko wa ke zaune a wurin yana jan carbi. Faɗin lalacewa ba ya jawo lalacewa, wannan camfi ne da muka gada, na kuma biya shi da mijina.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don na farko ban san abin da zai haifar ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa kalmarsa ɗaya ce, ƙaddara, kwana ya ƙare, sai haƙuri. Na yi imani da ƙaddara, har gobe ina kai. Amma na shige bayanta na laɓe kamar ɓarawon da ya samu taron jana'iza. Matar Mamman, Hajo, ta taso takanas daga Dalijan bayan ta fita takaba, da goyo a bayanta, ta zo ta yi mini ta'aziyya. Ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, tana cewa kada in sa wa raina damuwa don a motar mijina nata ya mutu, ba laifin kowa ba ne, mu biyu duk abu ɗaya ya same mu. Na bar ta ta rarrashe ni. Na yi kuka a kafaɗarta, na ba ta fura ta sha, na raka ta bakin zaure. Goyon nan da ke bayanta yanzu magidanci ne, yakan kawo mini gero da kaka don zumuncin da uwarsa ta ƙulla da ni, in karɓa in sa masa albarka. Duk lokacin da na dafa geron nan ba na jin ɗanɗanonsa.

Mutanenmu sun iya wannan. Gada ta karye, ƙaddara. Kwale-kwale ya nutse da lodin da ya fi ƙarfinsa, ƙaddara. Ba mai tambayar wa ya gani ya yi shiru, don kowa yana da tasa tokar da ya taɓa barbaɗawa. In wani abu ya faru da jirgin da ka sa wa hannu, Allah Ya kiyaye, na rantse maka ba wanda zai zarge ka a Gwandu. Za su cika zaure su ce ƙaddara, su ce yaro mai ladabi, wa ya isa ya hana abin da aka rubuta. Kada wannan ya ba ka ƙwarin gwiwa. Allah Ya ce tashi in taimake ka, bai ce goge ka sa ido ba. Ka yi abin da masu jirgin suka ce dole ne tukuna, sannan ka yi tawakkali da hannu mai tsabta.

Kuskure na uku kai na yi wa, kuma na san ba ka manta ba, ko da ba ka taɓa ɗaga maganar ba. Bayan rasuwar mahaifinku da 'yan shekaru ka zo hutu, na kai ku Diggi wurin dangina lokacin noman shinkafar rani. Yayana Bello yana fama da injin ban ruwa a bakin fadama, maza sun kewaye shi, ni na kawo musu abinci. Ya ɗauko wani tsohon baƙin mai da aka juye daga babur zai ɗura a ciki. Kai kana tsugune kana kallo, sai ka ɗaga murya a gaban kowa ka ce, "Kawu, wanga mai ya mutu, in ka zuba shi injin ƙonewa zai yi." Maza suka tuntsire da dariya, yayana ya haɗe rai. Ban san lokacin da na ajiye kwano na kwaɗa maka mari ba, har ka faɗi zaune cikin laka. Na ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Aka yi ta sa mini albarka, wai haka ake tarbiyyar maraya.

Kafin a yanke shinkafar nan injin ya ƙone. Ba wanda ya ce yaron nan ya faɗa, ni ma ban ce ba. Na daɗe ina gaya wa kaina don in koya maka ladabi na mare ka, amma ƙarya nake yi. Na mare ka ne don ka yi a gaban maza abin da ni na kasa yi a gaban tsohuwa ɗaya. Ka ga abu game da mai, ka faɗa kai tsaye, ba tsoro, kai da ko wando ba ka iya ɗaurawa da kyau ba, sai na ji kamar tona ni kake yi. Tun daga ranar kanka ya sunkuya bai sake ɗagowa ba. Malamanka suna rubuto mini cewa ba su taɓa ganin yaro mai biyayya irinka ba, ina karantawa ina jin daɗi, ban san aikin hannuna nake karantawa ba.

Na janye marin nan. Na san ba a janye mari, amma abin da ya koya maka nake son ka zubar. Karin maganar rimi gaskiya ce a kan aure, da rabon gado, da zaman duniya. Ba gaskiya ba ce a kan bututun da ya tsage. Tsaga ba ta san furfura ba, wanda ya leƙa da fitila shi ke ganinta, ko jiya aka yaye shi.

Saura maganar Alhaji Ummaru, nan ne kuma wuyar take. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Lokacin da dangi suka gama gaisuwa suka watse, shi ya dawo ya ce a ba shi kai. Ya ciyar da kai da 'ya'yansa a kwano ɗaya, ya kai ka har inda ka kai. Amma ni na wuce gona da iri wajen godiya. Duk hutun da ka zo sai na cika maka kunne cewa ko wuta Alhaji ya ce ka shiga, ka cire takalmi ka shiga. Na mayar da shi kamar wanda ba ya kuskure, don ina jin nauyin cewa ni na mayar da kai maraya, ina neman wanda zan jingina ka da shi in huta. Shi kuwa mutum ne kamar kowa. Ya tsufa, masu kwangila suna matsa masa, ya kuma yi shekaru yana lallaɓa injuna suna tashi suna sauka lafiya, irin wannan sa'a ita ke sa gwani ya fara ganin doka ta wasu ce. Mahaifinka ma ya yi ta zuwa Kalgo yana dawowa da mai yana tsiyaya, har ranar da bai dawo ba.

Godiyar da za ka yi masa ba ita ce ka taya shi ɗaukar rayukan mutane ba. In kana ƙaunarsa, ka hana shi zama irina. Ga yadda za ka yi, tunda ni na ɓata ka bari in gyara iyakar iyawata. In ka isa ka gaishe shi yadda ka saba, ka durƙusa, ka ci abincinsa. Sannan ka nemi ganinsa ku biyu, ba a gaban yaransa ba, don babba ba ya son a kunyata shi cikin jama'a. Ka ce masa, Baba, jirgin da wa'adinsa ya cika ba zan sa masa hannu ba sai an canza kayan. Haka kawai, gajere. Kada ka lulluɓe shi da karin magana, kada ka tambaye shi ko jirgin lafiyarsa ƙalau kana jiran ya gane da kansa, kada ka aika masa ta bakin wani. Zai yi fushi. Wataƙila ya tuna maka kwanon da ka ci a gidansa, wataƙila ya ce ɗan da ya raina yau shi ke koya masa aiki. Ka bar kanka a ƙasa in kana so, amma kada ka miƙa hannu ka karɓi alƙalamin. In ya ce zai sa wani ya sa hannu, ka gaya masa a fuskarsa cewa za ka sanar da na sama da shi, sannan ka je ka sanar. Kada ka yi a ɓoye, ɓoyo shi ya kashe mu a gidan nan.

In ya kira ni ya kawo ƙararka, na san zai kira, wannan karon ba zan ce a yi haƙuri yaro ne ba. Zan ce masa ni na sa ka. In ya tambayi dalili, shi ma zan gaya masa yadda amininsa ya mutu, ya yi da ni yadda ya ga dama.

Ban ce abin zai zo da sauƙi ba. Mai yiwuwa ka rasa aikin, ka rasa uban da ya rage maka, ka dawo Gwandu da jakarka mutane suna nuna ka da baki, wai ga butulun da ya ci tuwon Alhaji ya juya masa baya. Baffanka Garba da ke jinjina kai shekaranjiya shi zai fara cewa boko ya lalata ka. Ka dawo. Ɗakinka yana nan, gonar mahaifinka tana nan, injunan ban ruwa sun cika fadamar Kalgo suna neman mai gyara. Ni zan fita zaure da kaina in amsa wa duk mai tambaya, na gaji da zama bayan zana.

In kuwa kunya ta ci ka ka sa hannu, jirgin ya tashi ya sauka lafiya, kada ka bugo waya ka ce mini Inna kin ga ba abin da ya faru, ba zan taya ka murna ba. In kuma bai sauka ba, nan ma ka dawo gida, uwarka ce ni, zan buɗe maka ƙofa. Amma bari in gaya maka abin da za ka tarar, tunda na riga ka zama a ciki. Ba wanda zai kama ka, ba wanda zai zage ka. Matan mutanen da ke cikin jirgin ba za su taɓa sanin sunanka ba, in ma sun sani addu'a za su yi maka. Za ka yi aure, ka haihu, ka yi furfura, a riƙa kawo maka yara ka sa musu albarka don kai mutumin kirki ne. Kullum kuma za ka farka ka tarar da abin yana zaune a bakin gadonka, bai tsufa ba, bai rage nauyi ba. Na ɗauke shi tun kana ƙarami, na san nauyinsa, ba na son mu zama mu biyu masu ɗaukarsa a gida ɗaya.

Ban roƙe ka gafara a wannan takarda ba, don ban ga ta inda zan fara ba. In ka ga dama wata rana ka yafe, in ba ka iya ba na fahimta. Abin da nake roƙo kawai shi ne ka ce wa Alhaji a'a.

Allah Ya sauke ka lafiya. Ya ba ka ido mai gani da baki mai faɗa, Ya sanyaya zuciyar Alhaji a kanka, Ya iso da kayan gyaran nan da wuri. Allah Ya tsare duk wanda zai hau jirgin da hannunka ya taɓa, Ya mayar da shi ga iyalinsa da ƙafafunsa. Ya jiƙan mahaifinka, Ya jiƙan Mamman na Dalijan. Amin.

Innarku.